Daudu Jinjiri da Baƙin Allo

A Safana in ka ce Malam Daudu, sai a tambaye ka wanne, don Daudu sun fi biyar. In ka ce Daudu Jinjiri kuwa, ko akuya ta san gidan. Ba don ƙanƙanta aka sa masa sunan ba, ƙaton mutum ne mai furfura har gemu. Jinjirin wata ne ya ja masa. Shekara ashirin da bakwai, duk ranar ashirin da tara ga Sha'aban, shi ke hawa dutsen bayan gari da faɗuwar rana, jama'a na biye da shi, ya runtse ido ɗaya, ya ɗaga yatsa ya ce, "Ga shi can." Sai a kai wa hakimi, hakimi ya aika gaba. Shekarar da babu wata kuwa cewa yake, "Bai tsaya ba," laifin ya koma kan wata. Amma ya buɗe baki ya ce "ban gani ba", wannan ba a taɓa jin ta a bakinsa ba.

Abin da Safana ba ta sani ba shi ne, shekara biyu ke nan yanar ido ta fara rufe masa gani. Duniya ta koma masa kamar an shafa mata koko. Wata safiya ya tsaya a zaure ya gaida maƙwabcinsa Malam Tayyib, ya tambaye shi gajiya, ya tambaye shi iyali, har da jikin tsohuwarsa, ya ji shiru. Ransa ya ɓaci da wannan wulaƙanci. Sai da ya matsa ya dafa masa kafaɗa ya ji ashe buhun gyaɗa ne aka kife wa faifai. Ya kasa kunne ko wani ya ji. Babu kowa sai matarsa Fanta tana tankaɗe a tsakar gida, wani ɗan sauti na fita ta hancinta. Ya yanke wa kansa cewa tari ne.

Bara waccan zazzaɓi ya kwantar da shi daidai ranar duban wata, faɗuwa ta zo daidai da zama, bai taɓa sa wa sauro albarka ba sai ran nan. Bara aka yi rasuwa a Yasore, ya tafi ta'aziyya ya ƙi dawowa da wuri, ya ɗora wa mota laifi. Bana saura kwana uku, jikinsa lafiya ƙalau abin haushi, kuma duk tsofaffin danginsa sun miƙe garau. Tsoro ne a cikinsa wanda ko tuwo ba ya dannewa. Sunan nan shi ne abin da ya mallaka, ya fi masa gonarsa da tumakinsa.

Ana cikin haka babur ya tsaya a ƙofar gida. Sharfaddeen ne, ɗan ƙanwarsa, mai shagon maganin dabbobi a Batsari, mutum mai haƙuri da tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Ya durƙusa aka yi gaisuwa mai tsawo, aka sha ruwa, sannan ya gyara zama.

"Kawu, alfarma ta kawo ni. Idonka nike son aro."

Daudu ya kawar da fuska. Ya ce, "Ido kuma? Mi ya samu naka guda huɗu?"

Sharfaddeen ya yi dariya ya shiga bayani. Ya sayo sabon allon kwamfuta daga Kano, irin wanda ake kira OLED. Sauran alluna, in ji shi, fitila ce a bayansu kullum a kunne, shi ya sa baƙinsu toka-toka ne. Wannan kuwa kowane ɗigo fitilar kansa ne, in wuri baƙi ne sai ɗigon ya mutu murus. Sannan akwai wani abu wai shi HDR, da ke sa rana ta zama rana, inuwa ta zama inuwa a cikin wasa. Amma sai an yi masa saiti da ido. Ana nuna wa mutum wani zane a kan baƙi, a yi ta rage haske har ya ce zanen ya ɓace. A sake nuna shi a kan fari, a yi ta ƙara haske har ya ce ya ɓace. Shi ke nan aikin. Ya gwada sau uku, amma bai yarda da idonsa ba. Yana so a gama kafin azumi, don in an ga wata rufe kwamfutar yake sai bayan Sallah.

"Wane irin wasa ne haka?" in ji Daudu.

"Tuƙin tirela, Kawu. In ɗauki kaya daga wani gari in kai wani gari."

"Kayan na waye?"

"Ba na gaske ba ne."

"Garin hwa?"

"Shi ma."

"To, Allah ya kyauta," in ji Daudu. Sannan ya fara jero uzuri. Gwiwarsa na ciwo. Tunkiyarsa ta kusa haihuwa.

Sharfaddeen ya sunkuyar da kai ya ce, "Ai na riga na hwaɗa ma mutane za ka zo. Uwaisu wanzami ne ya ce wai na'urar zamani ta hi ƙarhin idon kowa, har da naka."

Nan gwiwa ta warke, tunkiya ta ɗaga haihuwa. Daudu ya buga ƙafa ya ce gobe da hantsi yana Batsari. Daga tsakar gida Fanta ta ɗaga murya ta ce ita ma tana zuwa, ta kwana biyu ba ta ga Rashida ba, matar Sharfaddeen.

Washegari suka hau a-kori-kura. Fanta ta daɗe da wata sabuwar ɗabi'a da ke ba shi haushi, ta yin magana ita kaɗai da ƙarfi. "Ikon Allah, ga Alhaji Nu'uman can hannun dama shina ɗago ma mutane hannu." Sai Daudu ya ɗaga hannu dama. Da suka sauka a ƙofar gidan Sharfaddeen ta ce, "Dubi wata kwata mai hwaɗi nan gaba, sai mutum ya buɗe ƙahwa sosai." Ya buɗe ƙafa ya tsallake, yana cewa a ransa, mata dai in sun tsufa surutu ke ƙaruwa.

Fanta ta wuce ciki wajen Rashida. Shi kuwa aka kai shi ɗakin Sharfaddeen na zaure, inda aka toshe taga da bargo da tsakar rana. Daudu ya ji numfashin mutane ya kai goma. Labari ya riga ya zaga cewa yau Jinjiri zai kara da na'ura. Ya gane Uwaisu wanzami da ƙamshin turarensa, da kuma muryarsa mai yawa.

"Sannu da zuwa, Malam. Yau dai gani zai kori ji."

Aka zaunar da shi a kujera gaban allon. Sharfaddeen ya tsaya gefe da yatsa a kan maɓalli. Ya ce, "Kawu, ga wani zane nan kamar taga mai gida huɗu. Zan riƙa dannawa shina dusashewa. Da zarar ya ɓace maka, ka ce ya ɓace."

Daudu ya zura ido. Baƙi. Ya runtse ido ɗaya yadda ya saba a kan dutse. Baƙi ɗin dai. Tun kafin a danna ko sau ɗaya babu taga, babu gida huɗu, babu ko ƙofa. Aikin duka kalma biyu ne, kuma su ne kalmomin da Uwaisu ya baro shagonsa don ya ji.

"Danna," in ji Daudu.

Sharfaddeen ya danna. "Har yanzu?"

"Ina gani."

Ya danna biyar. Wani a baya ya ce shi kam ya ɓace masa. Ya ƙara biyar, sauran ma suka sallama ɗaya bayan ɗaya. Uwaisu ya matso har hancinsa ya kusa taɓa allon, ya ja da baya ya ce babu komai a wurin.

"Gare ka," in ji Daudu. "Danna, ɗan nan."

Can ma 'yar lambar da ke ƙasan allon, wadda Sharfaddeen ke karantawa, ta ɓace ɗif. Shi bai taɓa sauka har nan ba, sai ya ɗauka haka abin yake in an kai ƙasa. Ya juyo ya ce, "Kawu, ni ko rubutun ba ni gani yanzu. Kai hwa?"

Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma wanda ke ciki gani yake kamar zai ɓulle. Daudu ya gyara zama ya ce tagar tana nan daram. Ya ce gidan hagu na sama ya ɗan fi sauran duhu. Ɗaki ya ɗauki salati. Jin haka ya ƙara da cewa akwai wani ɗan siririn layi ya ratsa ta tsakiya, wanda ko masu ƙera abin da wuya su san da shi. Ya ce can ƙurya kuma ga wani abu kamar rubutu.

"Mi ya ce?" in ji Uwaisu.

"Da Turanci ne," in ji Daudu.

Sai ga sallamar mace daga bakin ƙofa. Rashida ce. Ta ce, "Ku yi haƙuri da ni. Na zare wayar da ta shigo ɗakin nan na jona bilanda, kunun ayar baƙi nike markaɗawa. Na gama, in mayar?"

Kwamfutar tana da batirin kanta, shi ya sa take ta gurnani abinta ba wanda ya lura. Allon ne ba shi da shi. Ita kuma 'yar fitilar da ke nuna allo na kunne, Sharfaddeen ya liƙe ta da baƙin salatif tun ranar farko, wai tana tsone masa ido. Kuma irin wannan allo, baƙinsa a kunne da baƙinsa a kashe duk ɗaya ne, abin da aka saye shi dominsa ke nan.

"Tun yaushe kika zare?" in ji Sharfaddeen a hankali.

"Ai na yi markaɗe biyu, har na tace."

Daudu ya ji gumi ya keto masa daga ƙeya zuwa ƙugu. Ya so ƙasa ta tsage ya shige da kujerar duka. Shekara ashirin da bakwai, ga shi kunun aya ya gama da shi. Ya runtse ido biyu yana jiran dariyar farko, ya san kuma daga bakin wa za ta fito.

Uwaisu ya miƙe tsaye. Ya ce, "La'ilaha illallahu! Jama'a kun ga abin da na gani? Allo a kashe! A kashe, bawan Allah nan shina ganin abin da ke cikinsa!"

Ɗaki ya kaure. Uwaisu ya durƙusa ya kama hannun Daudu ya ce ya yafe masa, bakinsa ne ya ja masa, ashe gaskiya ne abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Wani dattijo ya matso ya ɗaga riga ya ce don Allah Malam ya duba masa cikin nan, wata uku yana murɗa masa. Rashida ta mayar da waya, allo ya kawo, lambar tana kan sifili. Sharfaddeen ya duba wayarsa ta hannu ya ga masana na cewa irin wannan allo dama a sifili ya kamata a ajiye baƙinsa. Sai aka sake sabon salati.

A gaskiya Daudu ya ji daɗi. Ya ji daɗi ƙwarai, irin na wanda ya faɗa rijiya ya tarar da katifa. Ya shafa gemu ya ce ai ba komai ba ne, baiwa ce. Aka kawo kunun ayar da ya kusa kashe shi, ya sha kofi biyu.

Aka shiga gwaji na biyu. Allo ya koma fari fat, hasken ya soki idonsa kamar tsinke. Mai yanar ido ba ya shiri da haske, nan take hawaye ya fara zuba. Sharfaddeen ya ce yanzu ƙarawa zai riƙa yi har zanen ya narke cikin farin.

"Ina gani," in ji Daudu, yana share hawaye da hannun riga.

Lamba ta yi ta hawa. Da ta kai dubu Sharfaddeen ya tsaya ya ce a jikin kwali an rubuta ƙarfin hasken allon a nan ya tsaya, in aka wuce za a gaya wa wasan ƙarya ne, ya riƙa turo hasken da allon ba zai iya nunawa ba.

"Kwali ya san mi?" in ji Uwaisu. "Kwali ya taɓa ganin wata? Danna!"

Ya danna har dubu biyu, har uku, har maɓallin ya daina amsawa. Daudu na nan a kan bakansa. Aka yi tafi, aka ce a kunna wasa a ga aikin Malam.

Aka kunna. Daudu dai farin gari kawai yake gani yana motsi, da rurin injin tirela. Abin da bai sani ba shi ne, sauran ma kusan abin da suke gani ke nan. Sama ta koma kindirmo, babu gajimare ko ɗaya. Allunan gefen titi farare tas, babu rubutu. Titin kansa yana ƙyalli kamar tiren silba. Sharfaddeen bai yi nisa ba ya afka wa wata farar mota da ba wanda ya ga fitowarta.

"Kai, ya yi kyau!" in ji Uwaisu. "Ku dubi gajimare!"

Wani ya ce ƙwarai ga su nan. Wani ya ce shi har tsuntsaye yake gani. Dattijo mai ciwon ciki ya ce tun da yake bai taɓa ganin sama mai kyan wannan ba.

Ban da Sharfaddeen. Daudu ya ji shi ya cire tabarau, ya hura, ya goge da bakin riga, ya mayar. Ya sake cirewa. Sannan ya sunkuyo kusa da kunnensa ya yi magana ƙasa-ƙasa, don kada a ji.

"Kawu, ni hwari kawai nike gani. Babu gajimare, babu komi. Ashe idona ya kai haka ban sani ba." Ya ƙara matsowa. "Ina ganin babur ma aje shi zan yi, kada in kashe ɗan wani. Don Allah kada ka hwaɗa ma Rashida tukuna."

Kunun aya ya tsaya wa Daudu a ƙirji. Yaron nan shi ya yi masa huɗuba ranar da aka haife shi. Ga shi da idonsa yana ganin gaskiya, amma ya ƙaryata idon don kawunsa ya ce.

Kafin ya gama haɗiye wannan, Uwaisu ya dafa gwiwarsa ya ce, "Malam, jibi da ni za a hau dutsen Sahwana, da mutanena duka. Kai dai ɗaga yatsa kawai. Ko mun gani ko ba mu gani ba, ko hadari ne ya ruhe sama, in ka ce ga shi, mun tashi da azumi."

Duk kwanakin nan abin da Daudu ke tsoro shi ne ya nuna sama a ce babu. Yanzu ya gane ba wanda zai ce babu. Zai nuna wofi, a yi kabbara, a kai wa hakimi, wani ya rantse har ya ga ƙahon watan guda biyu. Gari guda ya tashi sahur a kan yatsan makaho. Wannan ba allon wasa ba ne da za a sake saiti. Tsoron Allah ya kama shi, irin wanda ya fi tsoron kunya nesa ba kusa ba.

"Ban gani ba," in ji shi.

Hayaniya ta hana a ji. Ya ɗaga murya. "Na ce ban gani ba! Tagar ban gan ta ba, layin babu shi, rubutun ni na ƙirƙiro. Tun da na zauna nan ban ga komi ba. Sharfaddeen, idonka lahiya lau. Nawa ne ya tahi."

Uwaisu ya yi 'yar dariya ya ce wa jama'a, "Kun ji tawali'u irin na manya. Ba ya son a san sirrinsa."

"Wane tawali'u!" Daudu ya daka masa tsawa. "Ni da na tsaya na gaida buhun gyaɗa, har na tambaye shi jikin tsohuwarsa!"

Daga bayan labulen ƙofa wani abu ya fashe. Fanta ce. Ta yi dariya har ta zame ta zauna a dokin ƙofa, tana buga cinya, Rashida na riƙe da ita. Da ƙyar ta ce, "Wayyo cikina! Wata huɗu ina riƙe da dariyar ga, Malam. Wata huɗu! Allah ya saka maka da ka sake ni."

"Kin sani?" in ji Daudu.

"Mai yi maka wanka ai ba a ɓoye masa cibiya. Kana zaton haukacewa na yi nike ma kwata bayani?"

Nan ɗaki ya ɓarke da dariya, har dattijo ya manta da cikinsa. Ta yi wa Daudu zafi, ba ƙarya. Amma ya ji wani nauyi ya sauka daga wuyansa wanda ya manta ma yana ɗauke da shi. Uwaisu kaɗai ne bai yi dariya ba, yana tunanin gajimaren da ya ce ya gani.

Fanta ta share hawaye ta shigo ta ce a ba ta kujerar. Mace ce da ke tsince tsakuwa a shinkafa ba tare da ta daina hira ba. Aka sake gwaji. A baƙi ta bari aka sauka har sifili ta ce ya ɓace. A fari, lamba na taɓa dubu ta ce, "Tsaya nan, ya narke." Duka aikin bai kai tafasar ruwan shayi ba.

Aka kunna wasa. Wannan karon ba wanda ya yi ihu, sai wani dogon "kai" da ya fita daga bakin kowa a hankali. Sharfaddeen ya ce ga gajimare na gaske, gefensu ja-ja, ga rubutu a allon titi yana karantawa tar. Ya yi dariya. Ya kama hannun kawunsa ya ce yanar ido ai cire ta ake yi, bayan Sallah shi zai kai shi asibiti da kansa, a kan babur ɗin da ya kusa ajiyewa.

Ranar ashirin da tara labari ya riga Daudu isa ko'ina. Ya so ya zauna a gida, Fanta ta miƙo masa sanda ta ce ai ba a gama ba. Ya hau dutsen yana dafe da kafaɗar Sharfaddeen, wanda ya zo daga Batsari tare da Uwaisu. Jama'a sun fi na kowace shekara yawa, don mutane na son ganin yadda babba ke sauka.

Rana ta faɗi. Ko bai gani ba, ya san ina idanun mutanen suke. Suna kan hannunsa na dama, inda suka saba.

"Ku bar kallon yatsana, babu komi cikinsa," in ji shi. "Kowa ya ɗaga kai ya duba da idon da Allah ya ba shi."

Aka ɗaga kai. Sharfaddeen ya raɗa masa cewa kusan rabin mutanen gabas suke kallo, Uwaisu kuma ya dage kai sama sak kamar mai kurkure maƙogwaro. Shekara ashirin da bakwai suna hawa dutsen nan, ba wanda ya taɓa koyon inda ake dubawa.

"Kai, jama'a!" in ji Daudu. "Yamma! Inda rana ta shige! Kun ga tsamiyar gonar Malam Tayyib? Ku miƙa hannu, ku ɗora dunƙule ɗaya bisa kanta, ku ɗan matsa hagu kaɗan. Kada ku ƙura masa ido, shina da kunya. Ku kalli gehensa, shi zai hito da kansa. Wanda kuma bai gani ba ya ce bai gani ba, ba a mutuwa. Ni na gwada."

Aka yi dariya kaɗan, aka koma duban sama. Wani ya ce ga shi, aka duba ashe jirgi ne. Uwaisu ya buɗe baki, ya tuna, ya rufe. Daudu ya tsaya fuskarsa na kallon daidai wurin, yana ganin jan koko kawai. Kewar abin ta kama shi.

Sai ya ji kafaɗar da yake dafe da ita ta ƙage.

"Kawu," in ji Sharfaddeen. "Kawu, kamar zare. Daidai inda ka ce."

"Ka tabbata? Kada ka hwaɗa don ni."

"Wallahi ina ganinsa."

Sai wani ya ce shi ma, sai wani can gefe, sai kabbara ta ɗauka daga wannan bakin dutse zuwa wancan. Ba wanda ya waiwayi Daudu. Ya matse kafaɗar ɗan ƙanwarsa ya matso da kunnensa.

"Hwaɗa mani," in ji shi. "Kwance yake, ko ya ɗan jingina?"

"Ya ɗan jingina dama, Kawu."

Daudu ya gyaɗa kai. "Haka yake yi," ya ce. Sannan ya miƙa hannu a kama shi su sauka, kafin sallah ta wuce su.